Ƙanƙara a Goshi

Mai Sikeli tana karya kwanar katangar kamfani ta hango shi durƙushe a lungun ɗakin janareta. Ko a cikin mutum dubu ba za ta kasa gane wannan ƙeyar ba. Bijimi ne, mijin ƙanwarta, mutumin da yake saɓa kwalin kaji biyu a kafaɗa ɗaya yana waƙa. Yau babu waƙa. Hannu ɗaya ya dafe bango da shi, ɗayan kuma ya manna dunƙulen ƙanƙara a goshi, ruwa na bin gwiwar hannunsa yana ɗiga.

Sai ya yi tari. Busasshen tari mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Ta san irinsa. Da shi ciwon Innarsu ya fara a bara, kowa yana cewa mura ce kawai, har ranar da aka cire mata robar iska daga hanci aka ja mayafi.

Ƙanƙarar ba baƙuwar kowa ba ce a wurin. Kamfanin ajiyar kaji da kifi daskararru ne, kuma tun da babbar mura ta shigo gari aka ba Baba Maigadi na'urar auna zafin jiki, wadda ma'aikata suka raɗa wa suna bindiga. Ya saita ta a goshinka: kore, ka wuce, ja, ka koma gida, kuma kafin ka warke an ba wani gurbinka a motar lodi. Sai masu lodi suka samo dabara. Kullum da sassafe wani zai fito da bokitin ƙanƙara ya ajiye a lungun nan, a rufa masa buhu. Mai zazzaɓi ya ratse, ya sanyaya goshi, ya yi sauri ya kai kansa gaban bindiga kafin zafin ya dawo. Dokar wurin ɗaya ce: ba ka gani ba, ba ka faɗa ba.

Ita ma ta daɗe tana yin kamar ba ta gani ba. Amma wannan goshin, idan ya tashi aiki, ɗakin Auta zai koma. Auta ƙanwarta, mai cikin wata bakwai, mai asma tun tana rarrafe.

Mai Sikeli ta gyara riƙon jakarta ta ɗaga ƙafa. Ta riga shi isa ƙofa, ta juyo ta cika hanyar da jikinta.

"A'a, angon Auta! Ina kwana?"

"Lafiya lau, Yaya." Ya yi dama zai wuce, ta yi dama.

"Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya mai ciki? Kumburin ƙafar ya sauka?"

"Ya sauka. Yaya, layi na jira."

"Layi ba ya gudu. Ya Hajiyarku? Ya gwiwar tata? Ƙanenka na gareji fa, ya samu wurin kuwa? Maƙwabcinku mai kiwon kaji, sun fara ƙwai?"

Wani daga baya ya ɗaga murya. "Mai Sikeli, gaisuwar nan kilo nawa ce? A auna mana mu wuce!"

Aka kwashe da dariya. Bijimi bai yi ba. Ruwan ƙanƙarar ya bushe a goshinsa, wani ruwan daban ya fara tsatsafowa. Idanunsa jajur, leɓensa ya tsage.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "don girman Allah."

"Na ga bokiti," ta ce, ita ma ƙasa-ƙasa. "Ko ka juya da ƙafarka, ko bindiga ta juya ka."

Ya ture jakarta ya wuce. Baba Maigadi ya ɗaga bindiga. Ta yi ƙara. Ja.

"Matso, ɗana, mu sake." Ya sake. Ja. Tsohon ya girgiza kai. "Ka yi haƙuri. Abar nan ba ta san abota ba."

Foman, shugaban masu lodi, ya fito daga ciki yana gyara hular sanyinsa. Ya fi kowa sanin bokitin, don shi dai burinsa kada motar lodi ta tashi da gurbi. Ya dubi Bijimi, ya dubi Mai Sikeli, ya gane komai.

"Ke wa ya naɗa ki likita? Aikinki auna kwali. Ko an ƙara miki matsayi ba mu ji ba?"

Ta koma lungun janareta, ta jawo bokitin yana ƙara a kan siminti har gaban ƙofa, ta sa ƙafa ta kifar da shi. Ƙanƙara ta watsu tsakanin takalman mutane.

"Ga likitanku nan," ta ce. "Ku gaishe shi."

Bijimi ya nuna ta da yatsa. "Daga yau kada ƙafarki ta sake taka gidana."

"Gidanka ne. Amma ƙanwata ce a ciki."

Ranar babu wanda ya ƙara yi mata magana. Masu lodi suna jefa mata kwali a kan sikeli kamar da shi suke faɗa. Da ta je wanke hannu ta dawo, ta tarar an ɗora mata dunƙulen ƙanƙara a kujera. Ta ture shi ta zauna a kan jiƙar. Wani ya wuce ta bayanta yana cewa, "A yi a hankali, 'yar rahoto na kusa."

Da aka tashi cin abinci ta nufi kantin. A kusurwa, kusa da wurin wanke kwanuka, wata nas na zaune ita kaɗai da akwatin sanyinta. Kamfani ne ya kawo ta don ta yi wa ma'aikata da iyalansu allurar rigakafin mura, amma masu lodi sun yi ittifaƙi cewa allurar tana kashe hannu, wasu kuma suka ce ita ce ma take sa murar. Tun safe matar nan ƙuda kawai take kora.

Mai Sikeli ta ja kujera da ƙarfi don kowa ya ji, ta naɗe hannun riga.

"Sista, soka. Ki soka a inda za su gani."

"Gobe mu ga mai ɗaga kwali!" wani ya ce daga teburin masu lodi.

"Gobe ka zo mu gwada, ni da kai."

Nas ta danne dariya ta goga auduga. Kafin Mai Sikeli ta gama yamutsa fuska an gama.

"Zai ɗan yi tsami, ba zai mutu ba. Kuma ba ta sa mura."

"Mai ciki fa? Mijinta ya ce allura da ciki ba sa haɗuwa."

"Mai ciki ce a gaban layi. Ita mura ta fi kayarwa. Wannan allurar ta haɗa da ta shekara-shekara da wadda ake ce wa murar aladu, kuma kariyar tana kaiwa ga jariri a watanninsa na farko."

"Mijin ne aka kora a ƙofa ɗazu. Ita kuma tana da asma."

Fuskar nas ta canza. Ta ajiye audugar. "To ki ji. Allura sai ta yi kamar mako biyu kafin ta fara tsaro, shi kuwa ya riga ya kai abin gida. Ku raba musu ɗaki. A buɗe taga. Kofinsa daban, tawul ɗinsa daban, ya sa takunkumi, mai kula da shi ta yawaita wanke hannu. Ya sha ruwa sosai, ya kwanta, ya sha maganin zazzaɓi. Ita kuma ki sa mata ido. Da zarar jikinta ya yi zafi, ko numfashi ya fara yi mata wuya, asibiti kai tsaye. Akwai magani, amma a kwana biyun farko ya fi aiki. Kada ki bari a ce miki bari mu gani zuwa gobe."

"An taɓa ce mini," in ji Mai Sikeli. Ta sauke hannun rigarta ta miƙe.

Ana tashi aiki ta biya kantin magani, ta wuce gidan da aka hana ta. Ba ta yi jiran a amsa sallama ba.

Falon a rufe ruf, labule a sauke, iskar ciki ta yi nauyi da warin man zafi. Bijimi na kwance a doguwar kujera cikin bargo biyu, haƙoransa na haɗuwa. Auta na zaune dab da kansa, cikinta a gaba, tana goge masa fuska da tsumma. Ya yi tari, ta ƙara matsowa.

"Tashi daga nan!"

Auta ta zabura. "Yaya..."

Mai Sikeli ta yaye labule, ta bankaɗe taga ɗaya, ta bankaɗe ta biyu.

"Ba na ce kada ki shigo ba?" in ji Bijimi daga cikin bargo.

"Ka ce. Tashi ka fitar da ni."

Ya yunƙura. Ya kai rabi, gwiwar hannunsa ta ƙi, ya koma ya zube.

"To ka gani. Mai ɗaukar kwali biyu, yau kansa ya gagare shi. Ƙaramin ɗaki za ka koma. Ga takunkumi."

"Mura ce kawai. Sanyin ɗakin ajiya ne ya shige ni."

"Murar da muka saba hanci take kamawa, kana yawonka. Wannan tsakanin jiya da yau ta kayar da kai. Kai na sarawa?"

Ya ja bargo ya rufe kai.

"Gaɓoɓi kamar an yi maka duka? Maƙogwaro kamar ka haɗiyi yashi?"

"Ke dai kin ƙi ni ne."

"Nas ta ce wadda take yawo bana har da murar aladu a ciki."

Wannan ta sa ya leƙo da kai. "Murar me? Ni? Ni da ko hoton alade ban taɓa riƙewa ba!"

"Ba daga alade ka samo ba, daga abokanka na bokiti ka samo. Mutum ke ba mutum. Kai kuma ga wadda kake shirin ba wa."

Ya dubi Auta, ya dubi cikin, ya kau da kai.

Mai Sikeli ta kama shi ta kai shi ƙaramin ɗakin da yake kallon kicin, hannunta mai allura yana mata tsami tana cije leɓe don kada ya gani. Ta ajiye masa gorar ruwa da kofi da magani, ta wanke hannu har gwiwa. Da ta fito, Auta na tsaye ta harɗe hannu a saman ciki.

"Kin tozarta shi a gaban abokansa, Yaya. Foman ya kira. An ba wani gurbinsa."

"Na tozarta shi yana numfashi. Inna babu wanda ya tozarta ta, kowa lallaɓa ta ya yi."

"Kada ki sa Inna a wannan maganar."

"Ita ta sa kanta. A nan zan riƙa kwana. Ba za ki shiga ɗakin nan ba, ni zan kai masa komai."

Haka aka yi. Daga gidan take tafiya aiki, can a yi mata shiru, ta dawo nan a yi mata shiru. Bijimi na karɓar abinci ba godiya. Auta na amsa mata da kai. Kowace safiya kafin ta fita sai ta ɗora bayan hannunta a goshin Auta, ta saurari numfashinta, sannan ta ɗauki jaka.

Wata safiya Auta ta fito daga kicin da fara'ar da aka kwana biyu ba a gani ba. Da kanta ta miƙo goshi.

"Taɓa ki tafi, Yaya, kada ki makara. Ga Foman ba ya ƙaunarki."

Ta taɓa. Sanyi ƙalau. Ta saɓa jaka, ta sa takalmi, ta kama mariƙin ƙofa.

"Yaya."

Muryar a shaƙe take. Ta juyo. Bijimi na tsaye a ƙofar ƙaramin ɗaki, takunkumi a fuska, ya riƙe bango da hannu biyu.

"Kada ki tafi. Taɓa wuyanta."

"Kai!" in ji Auta. "Koma ka kwanta!"

"Na gan ta. Gorar ruwa ta ciro daga firij ta manna a goshi. Tun ɗazu take yi." Ya sunkuyar da kai. "Ni na koya mata. A nan falon nake ba ta labarin bokiti muna dariya."

Mai Sikeli ta yar da jakar. Ta cusa hannu ƙarƙashin ɗankwalin Auta. Wuyan kamar dutsen guga. Da ta kasa kunne kusa, sai ta ji ɗan siririn fito a ƙarshen kowane numfashi.

"Tun yaushe?"

"Jiya da yamma." Hawaye suka ɓalle wa Auta. "Ba na so ki ce shi ya sa mini. Kin riga kin raba shi da aikinsa, kuma ki ɗora masa wannan? Bari mu gani zuwa gobe, Yaya, wataƙila..."

"Babu gobe. Ɗauko mayafinki. Ina abin shaƙarki?"

"Zan bi ku," in ji Bijimi.

"Ka bi mu ka raba wa duk masu cikin da ke layi? Zauna. Riƙe wayarka."

Ta tare tasi a bakin titi da jikinta, kamar yadda ta tare ƙofar kamfani. Direba ya fara mita, ya ga cikin Auta da yadda kafaɗunta ke hawa da sauka, ya yi shiru ya taka mota. A hanya wayar Mai Sikeli ta yi ƙara. Foman.

"Sikeli babu kowa, motoci na jira. In ba ki zo yanzu ba..."

"Ka ɗora bokiti a kujerata ya auna muku." Ta kashe.

A asibiti ba ta tsaya bin layi ba. Ta doshi teburin farko ta ce da ƙarfi, "Ciki wata bakwai, asma, zazzaɓi tun jiya da yamma, mijinta na kwance da mura." Kafin ta rufe baki an kawo kujera mai taya. Aka sa wa Auta takunkumi, aka maƙala mata wani abu a yatsa, aka shige da ita wani ɗaki can gefe.

Da aka kawo robar iska za a sa mata a hanci, Mai Sikeli ta gane ta. Irin ta Inna ce sak. Ta dafa ƙarfen gado ta tsaya.

Likitar, wata doguwar mace mai gilashi, ta ba Auta ƙwayar farko ta haɗiya, sannan ta shafa mata wani ruwa mai sanyi a ciki, ta ɗora kan na'ura. Ta zagaya dama. Sai shuuu kawai. Ta zagaya hagu. Shuuu. Auta ta damƙi hannun yayarta, wanda aka yi wa allura, ta matse daidai wurin tsamin. Mai Sikeli ba ta ko motsa ba.

Likita ta ɗan danna ƙasa.

Sai ga shi. Dum-dum-dum-dum, da sauri, kamar mai gudu a kan bene.

"Ga mutumin nan," in ji likita. "Fushi yake an dame shi. Kun zo a kan lokaci. Za mu riƙe ta har zazzaɓin ya sauka, numfashin ya daidaita. In ta warke a yi mata rigakafin, don murar ba iri ɗaya ba ce. Mijin ma haka."

"Yaya, kira shi," Auta ta ce ta cikin roba. "Ya ji."

Ta kira, ta kara wayar kusa da na'urar. Daga can ɓangaren sai tari, sai wani sauti da ba tari ba.

"Bijimi, kuka kake?"

"Mura ce," ya ce.

"Mura ce kawai, ko?"

"Yaya, ki bar ni haka." Ya ja hanci. "Allurar nan... babba ce?"

"Kamar ƙusa. Zan riƙe maka hannu."

Ranar da Mai Sikeli ta koma aiki, zazzaɓin Auta ya sauka, an cire robar. Gurbin Bijimi kuwa ya tafi, ya ce in ya miƙe zai zo ya bi layin masu neman lodi kamar sabon shiga. Ba ta ce masa ya yi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Tana karya kwanar katanga ta leƙa lungun janareta. Sabon bokiti, shuɗi, an rufa masa buhu. Wani mai lodi na tsugune a gabansa, idanu jajur, ƙanƙara a hannu. Yana ganinta ya sake ta ta faɗi.

"Wa ke gidanka?" ta tambaye shi.

"Matata... da tsohuwata."

"Koma ka kwanta. Ɗakinka daban, kofinka daban. Su kuma ka turo su wajen nas."

Ta jawo bokitin har gaban ƙofa, ta kifar. Wannan karon babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya ce 'yar rahoto. Mutane suka ɗaga ƙafa ƙanƙara ta wuce.

Foman ya fito yana huci. "Kin san gobe za a kawo wani, ko?"

"Na sani. Gobe ma ina da ƙafa."

Ta miƙa goshi. Baba Maigadi ya ɗaga bindiga, ta yi ƙara, ya leƙa.

"Kore," ya ce. "Wuce, 'yata."